Dila ko kura mara lafiya a bakin garke: me doka ta ce?

Dila da kura da yanyawa dabbobin dare ne, masu gudun mutum. Idan makiyayi ya ga ɗaya daga cikinsu da rana tsaka a bakin shinge, tana tangaɗi, miyau na dalala daga bakinta, ko ta tsaya tana kallonsa babu ko gezau, abin da ya kamata ya fara zargi shi ne ciwon haukan kare. Daga wannan lokacin maganar ta shiga hannun doka.

Dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1988 aka kuma sabunta a 2022, ta sa haukan kare cikin cututtukan da dole a kai rahotonsu. Duk mai dabbar da ake zargin ta kamu, wajibi ne ya ware ta daga sauran, ya sanar da likitan dabbobi mafi kusa. Saniyar da dila ya ciza ta shiga wannan sahu. A ɗaure ta a turke ita kaɗai, kada a kai ta kara, kada a yanka ta a raba nama don gudun asara. Cutar kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin ta bayyana a jikin saniya, don haka lafiyar da ake gani yau ba shaida ba ce. Inda ofishin likita ya yi nisa, ardo ko dagaci na iya isar da saƙon ga sashen dabbobi na ƙaramar hukuma.

Batun kashe naman dajin kuwa, ya danganta da irinsa da kuma wurin. Dokar kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta haramta farautar zaki da damisa kwata-kwata. Dokar Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa ta 1999 ta hana farauta da kiwo a cikin gandaye irin su Gashaka-Gumti da Kamuku da Kainji, saboda haka wanda ya shiga da shanunsa ya riga ya karya doka tun kafin ya haɗu da kura. A wajen gandu, kare rai daga dabbar da ta kawo farmaki ba laifi ba ne. Sai dai in an kashe ta, a sanar da ma'aikatan gandun daji da likitan dabbobi nan take, kuma kada a feɗe ta don fata ko haƙori ko kitsen magani. Feɗewar ma hanya ce ta kamuwa.

Wanda dole ta sa ya harba, kada ya harbe ta a kai. Ƙwaƙwalwa ake gwadawa, kuma a Najeriya Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi da ke Vom, a jihar Filato, na yin wannan gwaji. Likita ne zai cire kan da safar hannu, ya sa shi cikin ƙanƙara, domin zafin rana na ruɓar da ƙwaƙwalwa har gwajin ya gagara. Sauran gawar a ƙone ta, ko a binne a rami mai zurfin kusan mita 2 yadda karnuka ba za su tono ba.

Babban kuskuren da aka fi yi shi ne barbaɗa maganin ƙwari na gona a jikin mushe a bar shi a daji. Dokar 1985 ta haramta amfani da guba wajen kashe namun daji, kuma tana da gaskiya. Dabbar da ciwon ya ci ƙarfinta sau da yawa ba ta iya haɗiyar abinci, ba ita za ta ci gubar ba. Ungulaye ne za su sauko su mutu birjik, karnukan ruga su biyo baya. Idan ungulu ta yi ƙaranci, mushe na daɗewa a fili, karnukan da ba su da mai su na taruwa a kansa.

A kula da wani abu guda. Saniyar da ciwon ya kama takan yi ta kuka da muryar da ta shaƙe, tana dalala, tana nishi kamar mai son yin kashi. Mai ita sai ya ɗauka wani abu ne ya maƙale mata a maƙogwaro, ya zura hannu tsirara cikin bakinta. Kada a yi haka ko sau ɗaya.

Wanda aka ciza, ko miyan ya taɓa masa rauni, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar don fara allurar rigakafi. Kwana 10 da ake sa wa karen da ya ciji mutum ido don a ga ko zai nuna alamar ciwon ƙa'ida ce ta karen gida da kyanwa, ba ta shafi dila ko kura ba, don haka babu jira. Da zarar alamomi sun fito a jikin mutum, kusan babu mai tsira. Karnukan ruga kuma a yi musu allura duk shekara, tunda su ne ke fara arangama da naman daji, su kuma ke kwana kusa da yara.