Takardar shaidar koyar da motsa jiki a kan sandar ƙarfe

Takardar shaidar koyar da motsa jiki a kan sandar ƙarfe takarda ce da wata makaranta ko ƙungiyar wasanni ke ba wanda ya kammala horo, ya kuma ci jarrabawa a kan yadda ake koya wa mutane wasan da Turawa ke kira pole dance ko pole sport. A wannan wasa, mutum yana hawan sandar da aka kafa tsakanin daɓe da rufin ɗaki, yana kewaya ta, yana rataya da hannu ko da ƙafa, wani lokaci ma ya juye kansa ƙasa. A galibin ƙasashe, takardar ba lasisin gwamnati ba ce, don haka darajarta ta dogara ne ga wanda ya bayar da ita da kuma irin ilimin da aka zuba a cikin horon.

Asali

Hawan sanda don ƙarfafa jiki tsohon abu ne. A Indiya akwai mallakhamb, wanda ƴan kokawa ke yi a kan gungumen itace don samun ƙarfi da saurin juyi, kuma an ambace shi a rubuce tun ƙarni na 12. Masu wasan kwaikwayon jiki na ƙasar Sin su ma suna da nasu salon a kan dogayen sanduna. Sai dai salon da ya bazu a duniya yau ya ratso ne ta gidajen rawar dare na Amurka da Kanada a shekarun 1980, kuma wannan tarihi shi ne ya sa mutane da yawa ke ƙyamarsa, abin da bai kamata mai koyarwa ya ɓoye wa ɗalibansa ba. Daga shekarun 1990 aka fara koyar da shi a matsayin motsa jiki, a 2009 aka kafa IPSF, hukumar wannan wasa ta duniya, a 2012 aka yi gasar duniya ta farko a Landan, sannan a 2017 babbar ƙungiyar hukumomin wasanni ta GAISF ta ba IPSF matsayin ƴar kallo, wato ba cikakkiyar mamba ba. Har yanzu wasan bai shiga gasar Olamfik ba.

Abin da horon ya ƙunsa

Iya wasa daban, iya koyar da shi daban, kuma a nan ne amfanin takardar yake. Horon matakin farko yakan fara da karatun ƙirar jiki, musamman kafaɗa, wuyan hannu, gwiwar hannu da ƙashin baya, domin su ne ke ɗaukar nauyin mutum duka idan ya rataya. Kafaɗa ce ta fi saurin rauni, saboda gaɓa ce mai yawan juyi wadda ƙananan tsokoki ke riƙe da ita, kuma ɗalibin da ya saki nauyinsa a kanta ba tare da ya ɗaure tsokar allon kafaɗa ba yana iya jin ciwon da zai daɗe yana jinya. Ana koya wa mai neman takardar yadda zai ɗumama jikin ɗalibai kafin a taɓa sanda, yadda zai rarraba motsi mai wuya zuwa ƙananan matakai, da dalilin da ya sa dole a horar da dama da hagu daidai, kada gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi.

Sashen da ya fi muhimmanci shi ne tallafar ɗalibi. Malami yana koyon inda zai tsaya, inda zai sa hannu a ƙugu ko a bayan kafaɗa, da yadda zai sauko da wanda hannunsa ya suɓuce ba tare da shi kansa ya ji ciwon baya ba. Ana shimfiɗa katifa mai kauri a gindin sanda duk lokacin da za a juye kai ƙasa, domin faɗuwa a kan wuya ko daga ɗan taƙi ne tana iya gurgunta mutum. Haka kuma malami yana tambayar lafiyar kowane sabon ɗalibi, ya tura mai juna biyu, mai hawan jini, mai ciwon hawan ruwan ido ko wanda aka yi wa aiki kwanan nan wurin likita kafin ya karɓe shi.

Yawancin kwasa-kwasan farko suna haɗa karatu ta intanet da ƴan kwanaki na horo ido da ido, a ƙarshe a yi jarrabawar rubutu da ta aiki, inda ɗan takara zai jagoranci darasi a gaban mai tantancewa ko ya aika da bidiyonsa. Daga cikin sanannun masu ba da wannan horo akwai makarantun XPERT da Spin City, kuma IPSF tana da nata horon na masu horar da ƴan gasa da alƙalai. A Faransa doka ta fi tsauri, domin ba a yarda mutum ya koyar da wasa don kuɗi ba sai da diflom ɗin da hukuma ta amince da shi da katin sana'a, saboda haka takardar makaranta mai zaman kanta kaɗai ba ta isa a can.

Kayan aiki

Kaurin sanda yakan zama milimita 40, 45 ko 50, kuma 45 ce aka fi amfani da ita a gasa. Akwai kafaffiya wadda ba ta juyawa, akwai mai juyawa. Ana yin ta da ƙarfen da ba ya tsatsa, ko farin ƙarfe mai sheƙi, ko tagulla, wasu kuma a lulluɓe su da roba.

A Yamai da Tawa

Ga ɗan Nijar ko ƴar Nijar da ke son wannan sana'a, hanyar da ta fi inganci ita ce a fara da tushe. Cibiyar matasa da wasanni ta ƙasa, INJS, da ke Yamai tana horar da malaman motsa jiki da wasanni, kuma ilimin ƙirar jiki da dabarun koyarwa da ake samu a irin wannan makaranta ya fi ƙarfin abin da kwas ɗin ƴan kwanaki zai bayar. Sai a ƙara da horon agajin gaggawa, wanda ƙungiyar Croix-Rouge ta Nijar ke bayarwa, kafin a ɗora takardar ƙwarewa a kan sanda. Wanda ya yi akasin haka ya ɗora rufi ne kafin ya gina bango.

Yanayin ƙasar ma yana da nasa hukunci. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, gumi yana sa hannu santsi, don haka darasin asuba ko na bayan magariba, shan ruwa a kai a kai da goge sanda da alkol sun zama wajibi. Da hunturu kuma fata na bushewa, mutane na shafa man kaɗanya ko basilin, alhali maiƙo kaɗan a kan ƙarfe ya isa ya kayar da mutum, saboda haka malami zai hana shafa mai a ranar darasi. Sandar da ake matsewa tsakanin ƙasa da sama tana bukatar rufi mai ƙarfi irin na kankare, kuma kafa ta a jikin allon da ke ƙarƙashin kwano ganganci ne. Inda babu kankare sai a nemi mai gindin kanta.

Batun sutura shi ne ya fi nauyi a cikin al'ummar da galibinta Musulmi ne. Sandar ƙarfe zalla tana kama fata ne, shi ya sa masu wasan ke sa gajerun kaya, amma mai lulluɓin roba tana kama tufafi, ana iya hawanta da dogon wando da riga mai hannu. Idan aka haɗa wannan da ɗaki rufaffe na mata zalla, malama mace, da dokar hana ɗaukar hoto da salula, matan da ke neman ƙarfin jiki bayan haihuwa ko saboda yawan zaman ofis za su iya yin wasan cikin mutunci. Ga maza kuwa, musamman a Tawa inda aka fara gasar takobin kokawa ta ƙasa a 1975, salon mallakhamb ya fi kusa da abin da aka sani, tunda ƴan kokawa ne suka raya shi don ƙarfin damtse da riƙo.

Kafin a biya kuɗin kowane kwas, musamman na intanet, ya kamata a bincika ko akwai jarrabawar aiki, ko ana koyar da tallafar ɗalibi, ko wata hukumar wasanni ta amince da shi, da kuma ko takardar tana bukatar sabuntawa bayan wasu shekaru.