Tsarin Wi-Fi a ma'aikatu da wuraren kasuwanci na Akra

Tsarin Wi-Fi na ma'aikata shi ne shirya yadda sigina za ta game gini: na'urorin rarrabawa nawa ake bukata, ina za a kafa su, wa za a bari ya shiga. Ya sha bamban da na gida, inda rawuta ɗaya kan wadatar. A asibiti, otal ko makarantar Islamiyya mai ɗalibai masu yawa, yawan wayoyin da ke hawa lokaci guda ya fi faɗin ginin muhimmanci.

Tarihi

Gana ta samu cikakken haɗi da intanet a 1995, ta hannun kamfanin Network Computer Systems na Nii Quaynor, aka kuma kafa hukumar sadarwa ta NCA a 1996. A lokacin ta layin tarho ake shiga. Ƙa'idar Wi-Fi ta farko, wato 802.11 ta ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE, ta fito a 1997 da gudun megabit 2 a daƙiƙa, sai 802.11b a 1999 da megabit 11, wadda ita ce ta yaɗu. Da yake layukan tarho sun yi ƙaranci a Akra, tun wajen farkon shekarun 2000 masu sayar da intanet suka koma kai wa ofisoshi ta rediyo, aka riƙa ganin dogayen ƙarafa a saman rufi. Babban shagon intanet na BusyInternet ya buɗe a 2001, ƙananan shagunan intanet kuma suka bazu har unguwanni irin su Nima da Mamobi. Kebul ɗin ƙarƙashin teku na SAT-3 ya fara aiki wajen 2002, MainOne ya biyo a 2010.

Yadda ake tsarawa

Da zagaya ginin ake farawa, ana auna ƙarfin sigina ɗaki-ɗaki, domin bangon bulo da kankare mai rodi suna cinye ta. Cikin zangunan rediyo da Wi-Fi ke amfani da su, zangon gigahaz 2.4 ya fi ratsa bango, amma tashoshi uku kacal ke gare shi da ba sa hawa kan juna, wato 1, 6 da 11, don haka a inda shaguna suka cunkushe sigina kan yi karo da ta maƙwabta. Zangon gigahaz 5 ya fi yalwa, sai dai ba ya nisa. Kowace na'ura an fi so a ja mata kebul, wanda ba ya wuce mita 100, kuma shi ke kai mata wuta.

Matsalar ɗauke wuta ta dumsor, da ta tsananta wajen 2012 zuwa 2016, ta sa batir da inbata suka shiga lissafi tun farko. Katsewar kebul ɗin teku a Maris 2024 kuma ta nuna amfanin ajiye layi na biyu.

Tsaro

WEP, tsarin kulle Wi-Fi na farko, ya karye a 2001. Cikin waɗanda suka gaje shi, WPA2 ya zo a 2004, WPA3 a 2018. Ana raba layin baƙi da na ma'aikata, kuma dokar kare bayanai ta Gana ta 2012 ta shafi duk mai tara bayanan masu shiga.

Saɓani

Masu aikin sun rabu kan haɗa na'urori da juna ba kebul: yana rage kuɗi, yana kuma rage gudu.