Tsutsotsin cikin kifi

Tsutsotsin cikin kifi halittu ne da ke rayuwa a hanji ko hanta ko tsokar kifi suna ci daga jikinsa, kuma ana samunsu a kifin teku da na kogi da na tafki. Ganin tsutsa a kifin da aka kama ba alama ba ce ta cewa kifin ya ruɓe, domin tun yana raye take cikinsa. Mafi yawansu ba sa iya zama a jikin ɗan Adam. Kaɗan daga cikinsu ne ke haddasa cuta, su ma sai idan an ci kifin ɗanye ko bai dahu ba.

Tarihin gano su

Tsutsar da masu bincike suka fi daɗewa da sani ita ce tsilar kifi, wadda masanin halittu Linnaeus ya bai wa suna a 1758, daga baya ta shahara da sunan Diphyllobothrium latum. Tsawonta a hanjin mutum kan kai mita 10, kuma takan yi shekaru ba tare da mai ɗauke da ita ya ji wani ciwo ba. A wajejen 1883 ne aka tabbatar cewa daga kifin ruwa mai daɗi take shiga mutum, sannan a 1917 masu bincike Janicki da Rosen suka bayyana sauran zagayen rayuwarta, wanda ke farawa daga wasu ƙananan ƙwarin ruwa da kifi ke ci. A da ta fi yawa a ƙasashen da ke kewaye da Tekun Baltik, kuma an ƙiyasta cewa a Finland ta kama kusan kashi 20 cikin 100 na jama'a a wajejen 1950. A can ne likitoci suka yi nazari mai zurfi a kan ƙarancin jinin da take jawowa ta hanyar shanye sinadarin bitamin B12.

A Masar, Theodor Bilharz ya gano Heterophyes heterophyes a 1851, wata ƙaramar tsutsar hanji da ake ɗauka daga kifin yankin da Kogin Nilu ke shiga teku. A 1874 kuma James McConnell ya samu wata tsutsa mai suna Clonorchis sinensis a hantar wani Basine da ya rasu a Kalkata ta Indiya.

Labarin Anisakis, wata tsutsar kifin teku, ya bambanta, domin masana dabbobi sun san ta tun ƙarni na 19, amma ba a ɗauke ta abin tsoro ga mutum ba. Sai a tsakiyar shekarun 1950 likitoci a Holan suka fara cin karo da marasa lafiya masu matsanancin ciwon ciki bayan sun ci kifin herin ɗanye mai ɗan gishiri, wanda abinci ne na gargajiya a ƙasar. Wani mai bincike mai suna Van Thiel da abokan aikinsa sun wallafa bayanin cutar a 1960, kuma a 1968 hukuma ta wajabta daskarar da herin kafin a sayar da shi don ci ɗanye. Cutar ta kusan ɓacewa daga Holan bayan wannan doka, kuma a kan darasinta ne aka gina yawancin ƙa'idojin da ake bi a yau.

Anisakis da danginta

Tsutsar Anisakis fara ce siririya, tsawonta santimita 2 zuwa 3, kuma galibi ana ganinta a naɗe. Tana girma a cikin manyan dabbobin teku masu shayarwa irin su whale da dolfin. Ƙwanta yakan fita da kashinsu, ƙananan halittu masu kama da jatan lande su haɗiye 'ya'yan, kifi kuma ya cinye su. Bayan kifi ya mutu wasu daga cikin tsutsotsin sukan bar kayan ciki su kutsa cikin tsoka, shi ya sa masunta ke gaggauta cire hanji. A cikin mutum ba ta iya girma, sai dai ta huda bangon tumbi ko hanji, ciwo da amai su taso cikin 'yan sa'o'i, likita kuma ya ciro ta da na'urar leƙen ciki. Japan ce ta fi kowace ƙasa yawan masu kamuwa saboda sushi da sashimi, abincin da ake yi da ɗanyen kifi, a Turai kuwa Sifaniya ce kan gaba. Wasu mutane jikinsu kan yi borin jini ko da tsutsar ta mutu.

Wani nazari na 2020 ya nuna cewa yawanta a teku ya ninka sau 283 daga 1978 zuwa 2015. Ana saɓani kan dalilin hakan.

Tsutsotsin hanta

Tsutsotsin hanta su ne mafi haɗari. Opisthorchis viverrini a Tailan da Laos, da Clonorchis sinensis a Sin da Koriya da Biyetnam, sukan bi ta katantanwa zuwa kifi, su zauna shekaru a bututun matsarmamar mutum, kuma hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya su cikin abubuwan da ke haddasa sankara. Ana maganinsu da Praziquantel.

A ruwayen Afirka

An sha samun tsutsar Contracaecum a cikin tarwaɗa, da Clinostomum mai ruwan ɗorawa a jikin karfasa. Tsuntsaye masu cin kifi ne ke yaɗa su. Abin da ya kare jama'ar ƙasar Hausa shi ne al'adar dafa kifi sosai, ko a soya, ko a yi banda a kan wuta. Tsutsar da ke fitowa a busasshen kifi ba ta cikin wannan rukuni, domin ta ƙuda ce ko ta ƙwaron ajiya da ta shiga bayan kamu.

Ko ana iya cin kifin

Ana iya ci idan an fede shi, an cire kayan ciki da tsutsar da ido ya gani, an kuma dafa shi har tsakiyarsa ya kai zafin digiri 63 a ma'aunin Salshiyos. Kifin da za a ci ɗanye sai an daskarar da shi: dokar Tarayyar Turai ta gindaya digiri 20 ƙasa da sifili na sa'a 24, ko digiri 35 ƙasa da sifili na sa'a 15, hukumar abinci da magunguna ta Amurka kuwa ta nemi kwana 7 a digiri 20 ƙasa da sifili. Firjin gida sau da yawa ba ya kaiwa wannan sanyi, balle inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa. Ɗan gishiri da lemon tsami da yaji da hayaƙi marar zafi ba sa kashe tsutsar, kuma mai borin jini ga Anisakis ya kamata ya nemi shawarar likita kafin ya ci kifin teku ko da dafaffe ne.