Waiwaye: musun "fim ɗin ƙarya" a majalisun Hausawan Legas, daga ina ya taso?

Duk wanda ya taɓa zama a majalisa a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 bayan sallar isha'i ya san in aka gama da maganar ƙwallo da tsadar kaya to fim za a faɗa, kuma da zarar an zo kan finafinan tsafi da aljanu ko irin na kimiyya ɗin nan masu kumbo da mutum-mutumi da tafiya wata duniya, nan take majalisa ke rabewa gida biyu. Wasu su ce fim ɗin ƙarya ne, na yara ne, ina babba da gemunsa zai zauna yana kallon mutum yana tashi sama. Wasu kuma su ce ai duk fim ƙarya ne har na soyayyar, bambancin kawai wata ƙaryar an zauna an yi mata aiki wata kuma an yi ta ne a gurguje. Ni dai ina tare da na biyun, ba na ɓoyewa. Amma musun ya girmi yawancin masu yinsa yanzu, shi ya sa na ga ya kamata a koma baya a ga inda ya faro.

A nan Legas aka fara haska fim a Najeriya, a watan Agusta na 1903 a ɗakin taro na Glover. Arewa kuwa majigin Turawan mulkin mallaka ta fara sani, wanda ake kafawa a fili ko ƙofar fadar sarki, daga baya aka buɗe sinimar Rex a Kano a 1937, wasu suka biyo baya, akasari Kwara, wato 'yan kasuwar Lebanon, ne ke da su kuma su ke shigo da finafinan. Tun kafin nan jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912, fataken goro da na shanu suka yi ta sauka a Agege har ta zama gari guda na Hausawa. To ka ga ɗan ci-ranin da ya sauko daga Kano ko Zariya a shekarun 1970 ba baƙon sinima ba ne, yana zuwa sai ya tarar da Pen Cinema da sinimar Danjuma a Agege ya ɗora daga inda ya tsaya. Yaran yanzu in ka ce Pen Cinema gadar sama da aka buɗe a 2021 kawai suka sani.

Abin da ake nunawa lokacin Indiya ne da Cainis da na kaboyi, kuma cikin na Indiyan waɗanda suka fi zama a bakin mutane har da na macizai, macijiya ta rikiɗe ta zama mace ta zo ɗaukar fansa. Nagin na 1976 da Nagina na 1986 har yau in ka ambata wa dattijo sai ka ga ya gyara zama. Su kuma Cainis ga mutum ya taka iska ya dira kan rufin ɗaki.

Wani abu da mutane ke mantawa shi ne ba kowa ke shiga sinima ba. Kuɗin tikiti na nan, sannan ana ganin wurin a matsayin matattarar 'yan iska, magidanci mai mutunci ba ya son a gan shi a layi, mata kuwa ba a ma maganarsu. Ga shi kuma babu mai jin Indiyanci. Saboda haka mutum ɗaya zai kalla, goma su saurara. A kowace unguwa akwai wanda Allah ya ba shi baki, shi za a kewaye a teburin mai shayi ya ɗauko fim daga farko, ya yi muryar bos, ya miƙe tsaye ya gwada yadda akta ya kauce wa wuƙa, ya rera waƙar da Indiyancin da shi ya ƙirƙira, in ya zo inda bai gane ba ya cike da nasa. Can sai wani da shi ma ya kalla ya katse shi, "a'a malam ba haka aka yi ba, ai macijin tun farko shi ne mijin," shi ke nan musu ya tashi, a yi ta yi har mai shayi ya fara kife kofuna. Asalin faɗin ra'ayi kan fim a wurinmu ke nan. Ba wai ka ce ya yi kyau ko bai yi ba kawai, sai ka kawo labarin ka kare shi a gaban waɗanda za su ƙure ka.

Kuma ban yarda da masu cewa wannan ɗabi'ar baƙuwa ce aka kawo mana ba. Yaron da ya tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da Dodo, ya ji Dare Dubu da Ɗaya, ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara a firamare, waɗanda duk daga gasar rubutu ta 1933 suka fito, ya zo ya karanta Iliya Ɗan Maiƙarfi, ta yaya za a ce labarin aljanu da takobin tsafi baƙo ne a wurinsa? Har na kimiyyar ma muna da namu. A 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a duniyar wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka ɗauka aka yi sararin samaniya da shi, da Hausa tsantsa. Wallahi duk lokacin da na ji wani ya ce Bahaushe bai san irin wannan labarin ba sai raina ya sosu.

Daga tsakiyar shekarun 1980 sinima ta fara mutuwa. Tsarin gyaran tattalin arziki na SAP da gwamnati ta kawo a 1986 ya karya darajar naira, shigo da fim ya yi tsada, fita da dare ya zama abin tsoro, ga bidiyo ya shigo gidaje. Gidajen sinima da yawa a Legas suka koma coci ko wurin ajiye kaya. A Kano aka yi fim ɗin bidiyo na Hausa mai suna Turmin Danya a 1990, a nan kuma Living in Bondage ya fito a 1992 ya buɗe kasuwar kaset ta Idumota, shi ma fa in ka duba labarin tsafi da fatalwa ne.

Wurin da ya gaji sinima a unguwanninmu shi ne gidan kallo. Rumfa ce ta langa-langa ko katako, benci a jere, talabijin a saman tebur an ɗaure ta da sarƙa, janareta na ƙugi a baya, a bakin ƙofa kuma allo an rubuta da alli fim ɗin rana da na dare. Yaro na zaune da gwangwani yana karɓar kuɗi. Ciki zafi kamar gidan burodi amma babu mai motsi, kuma a nan ba sai an fito ake musu ba, ana cikin kallo ake yi, wanda ya taɓa gani yana faɗin abin da zai faru ana yi masa tsawa, na baya yana tambayar "wai me ya ce?" ɗan makarantar da ke jin Turanci yana fassarawa. Mai gidan kallo ya fi kowa sanin abin da mutane ke so don in ya sa fim mai yawan surutu yana kallo benci zai zama wayam.

Shekarun 2000 faifan sidi da DVD suka kashe kaset, kasuwar Alaba ta cika gari da irin faifan nan da ake cusa finafinai goma ko ashirin a guda ɗaya. Ta nan The Lord of the Rings da Harry Potter suka shigo ɗakunan samari, sai kuma masu dogon zango, musamman Merlin da BBC ta yi daga 2008 zuwa 2012, wanda masu gadi da 'yan acaɓa da masu faskare duk suka san sunayen mutanen cikinsa. An dawo da sinima ta zamani a 2004 da Silverbird ta buɗe a Victoria Island, amma gaskiya wannan ba ta talakan Agege ba ce, kuɗin mota da na tikiti sun isa cefanen gida.

A wannan zamanin ne musun ya ƙara wani kaifi, don maganar addini ta shigo sosai. Da ana cewa ƙarya ne kawai, yanzu sai aka koma cewa ana koya wa yara son sihiri, ana nuna matsafi a matsayin jarumi. Ni ban ɗauki wannan a matsayin maganar banza ba, uba yana da hakkin ya damu da abin da ɗansa ke gani, kuma akwai finafinan da ni ma ba zan kunna a gaban yara ba. Inda na rabu da su shi ne haɗa komai a kwando ɗaya, fim ɗin da ke tambayar me zai faru in na'ura ta fi mai ita wayo ba ɗaya yake da fim ɗin bokaye ba, kuma yanzu da kowa ke maganar ƙirƙirarriyar basira a wayarsa ai an ga tambayar ba ta yara ba ce.

Babban sauyi ya zo bayan 2010 da fassarar Indiya-Hausa, irin ta Algaita daga Kano. Rana ɗaya mai ba da labari ya rasa aikinsa, tunda ga akta nan da kansa yana magana da Hausar Kano har da ba'a da karin magana. Fassarar ce kuma ta jawo mana finafinan kudancin Indiya waɗanda da ba a damu da su ba, na mutum-mutumin da Rajinikanth ya fito a 2010, da wanda aka kashe saurayi ya dawo a matsayin ƙuda yana ɗaukar fansa a 2012, sai Baahubali a 2015 da 2017. Kasuwar ta koma hannun 'yan dawunlodin, yaro da kwamfuta a ɗan shago ko ƙarƙashin lema, ka miƙa memori ko waya ya cika maka. Shi ya zama mai ba da shawara, "oga wannan sabo ne, akwai faɗa, ba za ka yi barci ba," kuma abin da ya tura shi unguwa za ta kalla a makon. Musun ma ya canja, aka koma wa ya fi iya fassara, muryar wa ta fi dacewa da bos, ko an ɓata fim da yawan barkwanci.

Akwai abin da mu mazauna Legas muke gani kusa wanda na gida ba lallai su ji shi kamar mu ba, wato yadda maƙwabtanmu suka shiga wannan fagen da kansu. A 2010 Niyi Akinmolayan ya yi Kajola, labarin Legas a shekarar 2059, masu kuɗi a tsibiri talakawa a wannan ƙetaren. Fim ɗin bai karɓu ba, an soki aikin kwamfutar da ke ciki sosai, amma mutumin bai bar sana'ar ba ya ci gaba har ya zama cikin manyan daraktoci. A 2022 Kunle Afolayan ya fitar da Anikulapo a Netflix, labarin Yarbawa na gargajiya kan mutumin da ya samu ikon ta da matattu, a 2023 Femi Adebayo ya kawo Jagun Jagun, a 2024 kuma kamfanin Kugali da Disney suka fitar da Iwaju, zanen katun na Legas ta nan gaba, nan ma tsibiri da ƙetare. In kana kallon irin waɗannan dole ka tambayi kanka, a Legas ta shekara hamsin masu zuwa ina mai shayi, ina mai kayan gwari na Mile 12, ina mai canji, wa zai ba da labarinsu in ba mu ba?

Ko Dune kashi na biyu da ya fito a 2024 ya isa misali. Mutanen sahara masu naɗe fuska kamar Buzaye, ana ta kiran Mahadi da wasu kalmomin Larabci, wasu suka ji haushi suka ce an ɗauki abin addini an yi wasa da shi, wasu suka ce a'a labarin gargaɗi ne kan yadda ake amfani da imanin mutane a hau mulki, kuma littafin tun 1965 Frank Herbert ya rubuta shi. Irin musun da nake so ke nan, kowa ya kawo hujja daga cikin fim ɗin. Sai dai ya yi ƙaranci yanzu. Gidajen kallo kusan duk sun koma ƙwallo, kowa na kallo shi kaɗai a waya da abin kunne, tsadar data da ta ƙaru a 2025 ta sa da yawa sun koma kallon guntayen bidiyo da ake taƙaita fim ɗin awa uku cikin minti goma, sai ka tambayi mutum ya ka ga fim kaza ya ce maka "ya yi wuta" ko "bai yi ba, turo min wani," iyakar ra'ayin ke nan.

In aka tambayi me ya sa Kannywood ba ta cika yin irin waɗannan ba amsar kullum ita ce babu kuɗi, kuma gaskiya ne aikin kwamfuta na cin kuɗi, ga satar fasaha, ga tsoron abin da hukumar tace finafinai da malamai za su ce. Amma ban yarda kuɗi ne kaɗai ba. An taɓa mayar da tatsuniyar Daskin da Riɗi fim da ɗan abin da ake da shi kuma mutane suka saya, littattafan yaƙi da aljanu irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun yi kasuwa shekara da shekaru, masu kallo kuwa ga su nan daga Agege har Alaba Rago suna biyan kuɗi a tura musu na wasu. Ku leƙa Computer Village a Ikeja ku ga yaranmu nawa ke kwance waya su ɗaure, wasunsu suna haɗa bidiyo da katun a ƙaramar kwamfuta don nishaɗi kawai. Furodusan da zai zo ya zauna da irin waɗannan yaran, ya ɗauko marubuci ɗaya mai hankali, ya fara ko da gajeren fim ne na minti ashirin ya sa a YouTube, shi muke jira.