Waiwaye: Asalin taƙaddamar hidimar jiragen sama a buɗaɗɗen sararin Birtaniya

Muhawarar da ake yi a Birtaniya kan irin taimakon da jami'an kula da zirga-zirgar jiragen sama ke bai wa matuƙan da ke shawagi a wajen yankunan da hasumiyar kula da jirage ke iko da su ta ƙara zafi tun da jirage marasa matuƙi suka fara neman gurbi a wannan sarari, har wasu na ɗauka su ne suka haddasa matsalar. Alhali kuwa tambayar da ake ta nanatawa, wato a wuyan wa alhakin kauce wa karo yake idan matuƙi yana magana da jami'in da ba shi da ikon ba shi umarni, ta girmi waɗannan na'urori nesa ba kusa ba.

Farkon labarin sananne ne. A 1920 aka kafa hasumiyar farko a filin jirgin Kuroidon da ke Landan, kuma a 1956 jiragen fasinja biyu suka yi karo a saman kwarin Grand Canyon na Amurka, a sararin da babu mai iko da shi, mutum 128 suka rasu, abin da ya sa aka faɗaɗa yankunan da sai da izini ake shiga. A 1990 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta kasa sararin samaniya gida bakwai, daga A zuwa G. A rukunin G matuƙi ba ya neman izinin kowa, ba dole ba ne ma ya yi magana ta rediyo, dokar dai ita ce ya duba da idonsa ya kauce.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne shirin da Birtaniya ta fara a 1979, inda tashoshin radar na soja da na farar hula suka soma taimaka wa jiragen da ke tashi ƙasa-ƙasa a wannan buɗaɗɗen sarari, kimanin mil 30 kewaye da kowace tasha. Niyyar mai kyau ce, domin a ƙasa mai ƙarancin faɗi, jiragen yaƙi da na koyon tuƙi da marasa inji duk a wuri guda suke cuɗanya. Sai dai daga nan aka sami wani yanayi na tsaka-tsaki: jami'i yana kallon jirgi a allonsa, matuƙi yana jin muryarsa a kunne, amma a dokance matuƙin ne ke da alhakin kansa. Hidimomin uku ne a wancan zamani: ta bayani zalla ba tare da radar ba, ta biyu jami'i ya faɗi inda sauran jirage suke, ta uku kuma ya ba da shawarar inda za a karkata.

Wanda ya taɓa sauraron irin wannan zance zai gane inda gizo ke saƙa. Jami'i zai kira jirgi ya ce akwai wani a ƙarfe biyu, mil uku, yana tsallakawa daga dama zuwa hagu, ƙafa 500 sama da kai, wato an mayar da hancin jirgi ƙarfe goma sha biyu na agogo. Matuƙin ya waiga, ya hango shi, ya yi godiya. Idan suna da lokaci, jami'ai da yawa kan yi wannan gargaɗi ko ga wanda bai nemi hidimar radar ba, don ba mai son ya zuba ido jirage biyu su haɗu. A ganina wannan alheri ne ya dasa tushen ruɗanin, domin matuƙin da aka yi wa gargaɗi yau da gobe yakan fara ɗaukar shirun rediyo a matsayin shaidar cewa hanya lafiya take, alhali wataƙila aiki ne ya yi wa jami'in yawa, ko kuwa ɗaya jirgin marar inji ne da radar ba ta nuna shi sosai. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, kuma a nan har ƙwararru yake ɗaurewa.

Ranar 12 ga Maris 2009 aka maye gurbin tsofaffin hidimomin da sababbi huɗu, a littafi ɗaya da soja da farar hula za su bi. A ta farko, wadda matuƙa ke kira Besik, jami'i yana ba da bayanin yanayi da makamantansa, amma ba a wajabta masa sa ido kan jirgin ba. A ta biyu yana sanar da jiragen da ke kusa, matuƙi ya kauce da kansa. A ta uku yana ba da shawarar alkibla ko tsayi, da nufin samar da tazarar mil 5 ko ƙafa 3,000 daga jirgin da ba a san nufinsa ba. Ta huɗu kuwa ta dogara ga rahoton da matuƙa ke bayarwa, ba radar. Rubutun ya fito fili, amma sauya suna bai kankare ɗabi'ar shekara talatin ba, kuma baƙin matuƙa daga wasu ƙasashe ba su san waɗannan sunaye ba, tunda ba sa cikin tsarin ICAO.

Akwai kuma waɗanda ba sa kiran kowa, kuma doka ta yarda musu. A Nuwamba 2017 wani ƙaramin jirgin Cessna da jirgi mai saukar ungulu suka yi karo kusa da Wadesdon a yankin Bakinhamsha, mutum huɗu suka rasu, babu ɗaya daga cikin jiragen biyu da ke karɓar hidimar jami'ai a lokacin, kuma matuƙan ba su hangi juna da wuri ba. Shi ya sa shawarwarin da ake tattaunawa yanzu suka karkata ga daidaita hidimomin da tsarin ICAO, tare da sanya wa kowane jirgi na'urar da ke sanar da inda yake, musamman da yake jirgi marar matuƙi ba shi da idon da dokar rukunin G ta dogara a kai.