Tambaya da amsa: yadda ake bin sawun kakan da ya bar Sikotlan ya tafi Amurka zamanin mulkin mallaka

Mu nan in kana son sanin asalin gidanku wajen tsohuwa za ka je, ta zaunar da kai ta lissafo maka wane ya haifi wane har a kai ga wanda ya fara sarar daji. Turawan Amurka su kam takarda suke bi, kuma akwai masu yawan gaske da suka taso suna jin ana cewa ai kakan kakanninsu daga Sikotlan ya zo tun kafin ƙasar ta samu 'yanci, sai su duƙufa nema. Ga tambayoyin da mai irin wannan nema yake cin karo da su.

Wane mulkin mallaka ake nufi a nan?

Ba namu na su Lugga ba. Ana maganar lokacin da gaɓar Amurka ta gabas take hannun Ingila ne, daga kafa garin Jamestown a 1607 zuwa ayyana 'yanci a 1776. Shekarar da ya kamata ka riƙe a tsakani ita ce 1707, lokacin da Sikotlan da Ingila suka haɗe suka zama Birtaniya. Kafin nan dokokin fataucin teku na Ingila kallon baƙo suke wa ɗan Sikotlan, shi ya sa waɗanda suka je da wuri ba su da yawa, bayan haɗewar ne ƙofa ta buɗe sosai.

To me ya kai su can ɗin, neman kuɗi?

Wasu kam neman kuɗi, wasu kuma wallahi ba da son ransu suka je ba. Ran 3 ga Satumba 1650 sojojin Ingila ƙarƙashin Oliver Cromwell suka ci na Sikotlan da yaƙi a Dunbar, suka kwashi dubban fursunoni suka tasa ƙeyarsu a ƙafa zuwa kudu har garin Durham na Ingila, aka zuba wajen mutum 3,000 a cikin babban cocin garin, ga yunwa ga sanyi ga zawo, sama da 1,500 suka mutu a nan. A 2013 ma ana cikin aikin gini a jami'ar Durham aka tono ramin da aka jibge wasu daga cikin gawarwakin. Cikin waɗanda suka sha, an loda kimanin 150 a jirgin ruwa mai suna Unity aka kai su Boston ƙarshen shekarar, aka sayar da ƙwadagonsu na wasu shekaru, wasu aka tura su masana'antar ƙarfe ta Saugus, wasu wajen injinan yanka katako can arewa. Bayan yaƙin Worcester na 1651 aka sake kwaso wasu a jirgin John and Sara. Da wa'adinsu ya cika yawanci ba su koma gida ba, aure suka yi suka zauna, kuma a 1657 aka kafa ƙungiyar taimakon 'yan Sikotlan a Boston wadda har yau tana nan.

Haka aka sake yi bayan tawayen magoya bayan gidan sarautar Stuart a 1715, da kuma bayan yaƙin Culloden na 1746, aka yi ta jigilar fursunoni zuwa Maryland da Virginia da tsibiran Karibiyan. Sai talakawan da ba su da kuɗin jirgi, su kuma sa hannu suke a yarjejeniya su yi wa mutum aiki shekara huɗu zuwa bakwai a bakin kuɗin da ya biya musu. Sai mutanen kan duwatsu na arewacin ƙasar masu yaren Gelik, da masu filaye suka ishe su da ƙarin kuɗin haya, suka riƙa tashi ƙauye guda, kamar mutanen Argyll kimanin 350 da suka sauka a bakin kogin Cape Fear na Karolina ta Arewa a 1739. Akwai kuma yaran attajiran Glasgow da ake turawa Virginia su riƙe kanti su sayi taba. Sanin wane rukuni naka ya faɗa shi ke nuna maka irin takardar da za ka nema.

Tunda na san daga Sikotlan ya zo, ba sai in fara nema a can ba?

A'a fa. Nan ne kusan kowa ke faɗawa rami. Mutum ya ji sunan kakansa John Campbell, ya buɗe intanet ya ga wani John Campbell da aka yi wa baftisma a shekarar da ta yi kusa, shi ke nan ya ce ya samu, ya manna a jikin bishiyar zuriyarsa, wasu ɗari su kwafa daga wurinsa. Kamar ka shiga Kano ne kana cigiyar Musa ɗan Ibrahim ba unguwa ba sana'a. Suna ɗaya ba hujja ba ne. Daga kanka ake farawa, ka tabbatar da mahaifinka da takarda, sannan nasa mahaifin, kana komawa baya ɗaya bayan ɗaya har ka iso kan wanda ya sauka daga jirgi, kuma ba za ka tsallaka teku ba sai wata takarda ta wannan ɓangaren ta ambaci gari ko gundumar cocin da ya fito. In ba ta ambata ba ka tsaya nan, ba abin kunya ba ne.

Ina ce akwai jerin sunayen fasinjojin jirgi?

Ai da haka ne da an huta. Gwamnatin Amurka sai 1820 ta fara tilasta wa jirage miƙa sunayen fasinja, tsibirin Ellis na New York da aka riƙa tantance 'yan ci-rani, wanda kowa ke ambata, kuwa 1892 aka buɗe shi, ba ruwansa da wannan zamanin sam. Ɗan Sikotlan da ya je bayan 1707 ma a idon hukuma daga wani yanki na ƙasar sarki ya koma wani, ba baƙo ba ne balle a rubuta shi. Abin da ya tsira tsinta-tsinta ne. Jerin mutanen John and Sara yana nan da sunaye wajen 270, na Unity kuwa babu, sai dai masu bincike su harhaɗo daga takardun masana'anta da na kotu. Sai rajistar da aka sa 'yan kwastan su riƙa yi daga ƙarshen 1773 zuwa farkon 1776, lokacin da gwamnati ta tsorata da yadda mutane ke ficewa, ita wannan zinariya ce don tana kawo suna da shekaru da sana'a da garin mutum, wani lokaci har da dalilin tafiyarsa.

To da wace takarda za a kama shi?

Fili, gado, kotu, haraji, coci. A Virginia duk wanda ya biya kuɗin jirgin wani ana ba shi eka 50, saboda haka takardar filin ubangida takan lissafo sunayen waɗanda ya shigo da su. Amma ni abin da na fi so shi ne takardar ƙidayar kayan mamaci. In mutum ya rasu kotu kan tura maƙwabta biyu ko uku su shiga gidansa su rubuta komai da kuɗinsa, sai ka ga an jero saniya da ɗan maraƙi, tukunyar ƙarfe, gatari, gado da bargo, bindiga, Baibul ɗaya, kana karantawa kamar kana tsaye a tsakar ɗakin. Nan za ka gane ko ya mutu da rufin asiri ko da bashi. A ƙasan wasiyya kuma ka duba ko ya rubuta sunansa ko alama kawai ya yi.

Kada ka tsaya kan sunansa shi kaɗai, ka bi shaidun da suka sa hannu da waɗanda gonarsu ta yi iyaka da tasa, don mutanen nan ayari suke tafiya, sau da yawa wasiyyar maƙwabci ce za ta faɗi sunan ƙauyen da dukkansu suka baro. Sai dai ka shirya wa takaici, gundumomi da dama takardunsu sun ƙone, wasu na Virginia ma kai su Richmond, babban birnin jihar, aka yi don a adana lokacin yaƙin basasan Amurka, gobarar 1865 ta cinye su.

Ana cewa wasu 'yan Sikotlan ɗin daga Ailan suka zo, ya abin yake?

Gaskiya ne, kuma sun ma fi waɗanda suka taso kai tsaye yawa. Tun wajen 1609 aka riƙa zaunar da 'yan Sikotlan a Ulster, arewacin Ailan, jikokinsu ne suka kwarara Amurka daga 1717, yawanci ta Philadelphia sannan suka gangara kudu ta bayan ƙasa. In naka cikinsu yake to a Ailan sawunsa yake, can ma kuma babban gidan adana takardu na Dublin ya ƙone a 1922.

Me ya sa nake ganin sunansa da rubutu kala-kala?

Saboda akawu abin da kunnensa ya ji yake rubutawa, ga Bature ɗan Ingila ga mai yaren Gelik, sai a samu McKay, Mackay, McCoy duk mutum ɗaya. Shi Mac ɗin nan ma'anarsa ɗan wane ne kawai, wasu kuma yar da shi suka yi. Dangin MacGregor ma haramta sunan nasu aka yi tun 1603, ba a ɗage gaba ɗaya ba sai 1774, dole suka ari sunayen wasu. Abin da ke ɗan taimakawa shi ne al'adarsu ta mayar da suna, ɗan fari namiji sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, 'yar fari sunan kakarta ta wajen uwa, kusan yadda muke yi wa iyaye takwara. Alama ce dai, ba doka ba.

Na ga kwanan wata an rubuta 1701/2, kuskure ne?

Ba kuskure ba ne. Ingila da yankunanta ran 25 ga Maris suke shiga sabuwar shekara har zuwa 1752, ita kuwa Sikotlan ta koma 1 ga Janairu tun 1600. Saboda haka Fabrairu ɗaya yana iya zama 1701 a Boston, 1702 a Edinburgh. A Satumban 1752 kuma aka tsallake kwana 11, aka kwanta ran 2 aka tashi ran 14.

In Allah ya sa na samu sunan garin, sai me?

Sai ka nufi rajistar coci, don gwamnatin Sikotlan ba ta fara rubuta haihuwa da aure da mutuwa ba sai 1855. Mafi tsufan littafin coci na 1553 ne, amma kada wannan ya ruɗe ka, a yankin duwatsu da tsibirai wurare da yawa ba su fara ba sai ƙarshen ƙarni na 18 ko ma bayan nan, lokacin naka ya daɗe da tafiya. Daga 1783 zuwa 1794 ma an sa harajin taro, kwabo uku ke nan, kan kowane rubutu, talaka ya ce a kai kasuwa. Hotunan littattafan suna shafin ScotlandsPeople na hukumar adana tarihin ƙasar, neman suna kyauta ne, ganin hoton shafin kuwa da kuɗi.

Gwajin DNA fa, da tufafin 'yan Sikotlan mai zane-zanen nan da ake cewa kowane dangi da nasa?

Gwajin da ke bin layin uba zalla yana da amfani, zai nuna ko kai da wani mai suna irin naka kun haɗa kaka, amma ba zai faɗa maka sunan kakan ko ƙauyensa ba. Zanen dangi kuwa, cewa kowane suna da nasa zanen abu ne da ya bunƙasa a ƙarni na 19, musamman bayan ziyarar Sarki George na huɗu Edinburgh a 1822, wanda ya sauka Boston a 1650 bai san zancen ba.

Sannan ba duk mai sunan Sikotlan ne jikan ɗan ci-rani ta hanyar aure ba. 'Yan Sikotlan da yawa sun mallaki bayi a Virginia da Karolina da Jamaika, shi ya sa sunan Campbell ya cika Jamaika. Baƙar fatan Amurka mai irin wannan suna in ya bi baya yakan tsaya cak a ƙidayar jama'a ta 1870, don a ta 1850 da 1860 bayi shekaru da jinsi da launi kawai aka rubuta musu ƙarƙashin sunan ubangida. Daga nan sai dai ya koma takardar ƙidayar kayan mamacin nan, inda zai iya tsintar sunan kakarsa a layi ɗaya da saniya da tukunyar ƙarfe, da farashinta a gefe.