Waiwaye: Asalin Rigimar Iyaye da Makarantu kan Darasin Nazarin Ƙabilu a Kalifoniya

A watan Oktoban 2021 gwamnan jihar Kalifoniya ta Amurka, Gavin Newsom, ya sa hannu a kan dokar da ta ce duk ɗalibin sakandaren gwamnati da zai gama a shekarar karatu ta 2029 zuwa 2030 sai ya ɗauki darasin nazarin ƙabilu na aƙalla rabin shekara kafin ya karɓi takardar shaidarsa. Kalifoniya ce jiha ta farko da ta mai da shi dole. Tun daga lokacin zaman hukumomin ilimi na gundumomi, wanda a da ba a cika zuwa ba, ya koma wurin cacar baki har tsakar dare. Amma ƙurar ta daɗe da tashi.

Ba a ofishin ma'aikatar ilimi aka haifi wannan fanni ba, a fagen zanga-zanga aka haife shi. A watan Nuwamban 1968 ɗaliban kwalejin jiha ta San Faransisko suka ƙaurace wa azuzuwa. Baƙaƙen fata ne suka ja gaba, 'yan asalin Meziko da na Asiya da 'yan asalin ƙasar na farko suka mara musu baya. Kukansu shi ne tarihin da ake koya musu na Turawa ne zalla, su ba sa ganin kakanninsu a ciki sai a matsayin bayi ko 'yan ƙwadago. An shafe kusan wata biyar ana artabu da 'yan sanda, aka kama ɗaruruwa, sannan a 1969 kwalejin ta buɗe tsangayar nazarin ƙabilu. Saboda haka har yau ginshiƙan fannin huɗu ne, wato waɗannan al'ummomi huɗu da suka yi yajin. Wannan asali shi ne abin alfaharin malaman fannin, kuma shi ne ainihin abin da ke tsorata wasu iyaye. Ilimin da aka ƙera don matasan jami'a masu gwagwarmaya, yanzu za a shayar da shi ga yaro ɗan shekara 14, kuma ba da zaɓinsa ba.

Karon farko mai zafi a jihar Arizona aka yi shi. A garin Tucson, kusa da iyakar Meziko, makarantu sun fara koyar da tarihi da adabin Amurkawa 'yan asalin Meziko tun ƙarshen shekarun 1990. A 2010 gwamna Jan Brewer ta sa hannu a kan dokar da ta haramta duk darasin da ke cusa ƙin wata ƙabila ko wanda aka tsara don ƙabila ɗaya, tare da barazanar yanke kashi 10 cikin 100 na kuɗin gundumar da ta ƙi bi. A watan Afrilun 2011 wasu ɗalibai suka kutsa zauren taron hukumar ilimi, suka ɗaure kansu da sarƙa a kan kujerun 'yan hukumar, taron ya watse. Hakan bai hana komai ba. A Janairun 2012 aka rufe shirin, aka kwashe littattafai daga azuzuwa cikin kwalaye aka kai su ma'ajiya. Sai a 2017 wani alƙalin tarayya, Wallace Tashima, ya yanke hukuncin cewa ƙiyayyar launin fata ce ta sa aka yi dokar, ya soke aiki da ita.

Abin mamaki, haramcin Arizona ne ya ƙara wa fannin farin jini a Kalifoniya, inda fiye da rabin ɗaliban makarantun gwamnati 'yan asalin Latin Amurka ne. Ga kuma binciken da Thomas Dee da Emily Penner na jami'ar Stanford suka fitar a 2016 kan 'yan ajin farko na sakandare a San Faransisko masu raunin karatu: waɗanda aka sa a darasin sun fi zuwa makaranta, makinsu kuma ya tashi sosai. 'Yan majalisa suka riƙe wannan gam, ko da yake binciken a kan yara ƙalilan aka yi shi, a hannun malaman da aka horar musamman. A wannan shekara ta 2016 gwamnan Kalifoniya na lokacin, Jerry Brown, ya amince a rubuta manhajar da za ta zama abin koyi ga jihar baki ɗaya.

Daftarin farko ya fito a 2019, kuma nan aka yi ta ta. 'Yan majalisa Yahudawa suka ce ya lissafo kowane irin wariya amma ya tsallake ƙin jinin Yahudawa, ya kuma kawo batun ƙaurace wa Isra'ila ba tare da jin ɗaya ɓangaren ba. Armeniyawa da Hindu da Girkawa da sauransu suka ce su ina labarinsu? Wasu iyayen kuma yaren daftarin ne ya dame su, kalmomi ne na 'yan boko masu nauyi, da suka ga kamar an riga an yanke wa jari-hujja hukunci kafin yaro ya san mene ne shi. Ƙorafi ya kai dubbai. Aka mayar da shi gyara, Newsom ma ya ƙi sa hannu a kan ƙudirin tilasta darasin a 2020. Kafin a amince da manhajar a watan Maris na 2021 ta kumbura ta kusa shafi 900, don kowa sai da aka ba shi kusurwarsa. Su kuwa marubutan daftarin farko suka nemi a cire sunayensu, suka ce an zare wa abin laka, Larabawa da Falasɗinawa an tura su gefe. Wasunsu suka kafa ƙungiyarsu, suna kai tasu manhajar ga gundumomi kai tsaye.

Akwai wani ƙorafi da mai karatu a nan gida zai gane da sauri. A cikin manhajar an sa wasu baituka da ake so ɗalibai su rera tare, ɗaya yana ambaton sunayen gumakan Aztek na tsohuwar Meziko, ɗaya kuma an gina shi a kan kalmar nan ta Yarbawa, "ashe", mai kama da "amin". Masu manhajar sun ce ƙarfafa gwiwa ne kawai. Wasu iyaye uku a San Diyego suka ce a'a, addu'a ce, kuma tsarin mulkin Amurka bai yarda makarantar gwamnati ta sa yara ibada ba. Suka kai ƙara a 2021, a farkon 2022 jihar ta yi sulhu ta goge baitukan biyu. Ni dai ban ga uban da zai ji ɗansa ya dawo gida yana kiran sunan abin bautar wasu ya ce ba komai ba.

A ganina babban kuskuren dokar ta 2021 shi ne ta tilasta darasin amma ta bar wa kowace gunduma, kuma sun kai kusan 1,000, ta zaɓi abin da za ta koyar. Manhajar jiha shawara ce kurum. Don haka faɗan da aka yi sau ɗaya a Sakaramento, babban birnin jihar, ya rarrabu gari gari. Bayan yaƙin Gaza ya ɓarke a Oktoban 2023 ya ƙara muni: iyaye Yahudawa na cewa ana nuna 'ya'yansu a matsayin azzalumai a aji, iyaye Larabawa da Musulmi na cewa ana so a toshe bakin malamai kan Falasɗinu. A Santa Ana ƙungiyoyin Yahudawa sun kai hukumar ilimi kotu bisa zargin an tsara darussan a ɓoye, aka yi sulhu a 2025 cewa za a dakatar da su a sake rubutawa a gaban jama'a. In ka saurari ɓangarorin biyu da kyau, buƙatar da ta fi yawan fitowa daga bakin iyaye ɗaya ce: a nuna mana takardun da ake raba wa yaranmu.

Dokar tana da wani sharaɗi da mutane da yawa ba su lura da shi ba, cewa ba za ta fara aiki ba sai majalisa ta ware mata kuɗi. Kasafin 2025 ya zo da giɓi, ba a sa mata ko sisi ba. Gundumomin da suka riga suka mai da darasin dole sun ci gaba da abinsu, wasu suka jingine. San Faransisko kanta, inda aka faro komai, ta ajiye manhajar da malamanta suka rubuta bayan ƙorafin iyaye, ta sayo wata daga kamfanin buga littattafai ta shiga da ita shekarar karatu ta 2025.